Ranar da Wanzami Ya Mayar da Askarsa

Shekaranjiya jikata ta matsa sai na raka ta kasuwar Ataba, nan cikin Alƙahira, sayen labule. Na ce mata gwiwoyina sun daina shiri da matattakalar tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta ce, "Yalla, mu je Kaka, ai ke kika san lungunan." Zancen banza, ta fi ni sanin ko'ina a cikin wayarta, so take in taya ta ciniki don 'yan kasuwa na jin nauyin furfura. Muna cikin kutsawa tsakanin masu tura kaya sai na ɗaga kai na ga barandar da na yi shekara tara ina shanya a kanta. Gidan yana nan, amma babu mahaluki ɗaya da ke kwana a ciki, tun daga ƙasa har sama an mayar da shi rumbun kwalaye. Na roƙi mai gadin ya bar ni in hau. Ya dubi fuskata yadda Misirawa suka saba dubanta, ya kauce. A hawa na uku na tsaya ina haki tsakanin ƙofofi biyu masu kallon juna. Ta hagu tamu ce. A jikin katakon ta dama, daidai kafaɗa, har yanzu akwai ramin ƙusa biyu da wani ɗan gurbi a karkace. Na sa yatsa a wurin, yarinyar tana tambayata abin da nake nema.

Ina amarya na zo Alƙahira, daga wani ƙauyen Gobir, saboda Malam maigidana ya samu gurbin karatu a babbar makarantar addini. A lokacin da kunne kake sanin ƙarfe nawa. Da asuba mai dafaffen wake zai tsaya a bakin lungu yana ƙwanƙwasa tulunsa da ludayi, hantsi ya yi mai sayen tsofaffin kaya ya wuce yana jan murya, sai ƙarar taragon lantarki yana kwana a dandali kamar ana wasa wuƙa. Mata ba sa sauka sayen abu, kwando suke zurawa da igiya daga baranda, kuma sau biyu ina sakin igiyar gaba ɗaya kafin in iya. Ana cikin zaman ɗar-ɗar na yaƙi tsakanin Masar da ƙasar Yahudawa, an shafe gilasan tagogi da shuɗin fenti, an gina guntuwar katanga a bakin kowane gida, wadda ba ta tare bam ko ɗaya ba sai goshin Malam. Yanzu ɗalibai mata kan zo gaishe ni da kuka da daddawa da aka sauke daga jirgi jiya-jiya, suna kiran iyayensu a waya fuska da fuska don tambayar yawan gishirin miya. Mu wasiƙa wata biyu take yi a hanya. In ta iso Malam ne mai karanta mini, kuma sai da na tsufa ya faɗa mini yana tsallake duk inda ya san zan yi kuka.

Ba abin da ya fi damuna a farkon zuwana kamar fuskata. Zanen Gobirawa ne da ni, cikakke, tun daga gefen baki har kunne. A gida abin ado ne, a nan kuwa yara kan bi ni har bakin famfo suna tambayar ko zaki ne ya yakushe ni. Malam ya samu abin tsokana. Ya ce, "Ba ku Gobirawa kuke cewa asalinku daga Masar ba? To ga ki ga dangi, ya aka yi ba wanda ya gane ki?" Shi ma fa Bagobiri ne, gemu ne kawai ya rufa masa asiri. Ni dai abin da kakata ta faɗa mini nake riƙe da shi, cewa zamanin yaƙe-yaƙe aka fara zane don kada ɗa ya ɓata, ko an kama shi an kai shi bangon duniya, duk wanda ya dube shi ya san yana da gida. Da na ga Kiristocin Masar da ɗan gicciye a wuyan hannu, na ga matan ƙauyen kudu da koren zane a haɓa, sai na yanke hukunci da ƙaramin hankalina cewa kowace al'umma da nata zanen, kuma duk wanda aka yi wa zane iyayensa ne suka so shi.

Ƙofar dama ta wata tela ce, kowa na kiranta Sitti Istar. A jikin katakon ƙofar an kafe wani ɗan kwanso a karkace mai ɗauke da rubutun addininsu. Farar mace ce 'yar siririya, ta haura hamsin, Bayahudiya. Ranar da matar mai gadi ta raɗa mini haka sai da gabana ya faɗi, don ni a tafsiri kaɗai na san Yahudawa, na ɗauka sun ƙare tun zamanin Fir'auna. Na tambayi Malam ko ya halatta in gaishe ta. Ya ce haƙƙin maƙwabtaka bai tambayi addinin mutum ba, in gaishe ta har in kai mata abinci. Ita ce ma ta riga ni. Rishona ya kama da wuta wata safiya ina ihu da Hausa, ta shigo da jiƙaƙƙen buhu ta kashe, sannan ta zauna ta koya mini yadda ake tsokace shi da allura. Ita ce mutum ta farko a garin nan da ta dubi fuskata ba ta yi dariya ba, ba ta kuma kau da kai ba. Daga ranar na liƙe mata. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Ita ta koya mini Larabcin kasuwa, da yadda ake gane kifin jiya, da cewa a Masar ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. In na kai mata tuwon shinkafa, kwanon zai dawo da wata gurasa mai riɗi da har yau ban sake cin irinta ba.

Tana da halaye da na kasa ganewa. Ko ana zafin da kwalta ke narkewa, rigarta mai dogon hannu ce, a ɓalle har wuyan hannu. Kullum akwai guntun gurasa a aljihunta. In jiniyar yaƙi ta yi kuka kowa ya gudu ƙarƙashin bene, ita sai ta miƙe tsaye ƙyam a tsakar ɗaki, hannuwa a gefe, har a gama. Dangin mijinta marigayi da sauran Yahudawan da ta sani duk sun bar ƙasar, kowa da akwati ɗaya, wasu bayan an tsare su. Yaran lungu kan yi mata ihun 'yar leƙen asiri, mai gadi ya kore su da tsintsiya. Na taɓa tambayarta me ya hana ta bin 'yan'uwanta. Ta ce, "An taɓa sa ni a jirgi sau ɗaya, ya binti, 'yata. Ba mai sake sa ni." A kan kabad ɗinta akwai mazaunin kyandir biyu na tagulla, tana goge su duk Juma'a har su yi ƙyalli, amma ban taɓa ganin kyandir a kansu ba. Ta ce matan Yahudawa na kunna su ne in rana za ta faɗi ranar Juma'a, su yi addu'a. Na ce to ke fa? Ta ce, "Ni da Shi mun daɗe ba ma magana." Na yi ta istigfari a zuci har na koma ɗaki, don ban taɓa jin ɗan Adam ya faɗi haka ba.

Da na samu ciki, ita ta fara ganewa kafin Malam. Tsoro ya cika ni, ga haihuwar fari, ga uwa a wata duniya. Sitti Istar ta ce in naƙuda ta zo in buga bango sau uku, ba za ta bar ni ni kaɗai ba. Da wannan maganar nake barci. Cikin yana wata bakwai ta ce in zo ta ɗinka mini riga mai yalwa. Ta jiƙa yadin a baho don ya gama shan ruwa, ta manta ina wurin, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Nan na ga wasu shuɗayen lambobi a jere a fatarta. Wallahi daɗi na ji, irin daɗin wanda ya ga ɗan garinsu a tasha. Na kamo hannun ina dariya, na ɗora shi a kan kumatuna, na ce da guntun Larabcina, "Ashe ke ma da naki! Wane wanzami ne ya yi miki mai kyau haka? Allah ya saka wa iyayenki, ba su so ki ɓata ba." Ba ta fizge hannun ba. A hankali ta zare shi, ta sauke rigar, ta ɓalla maɓallin. Ta ce, "Je ki gida." Na ce yadin fa? Ta ce, "Khalas, shi ke nan. Je ki gida."

Da Malam ya dawo na ba shi labari ina jiran ya ce tsufa ne. Ya ajiye littattafansa ya zauna a ƙasa. Ya ce wannan ba zanen gida ba ne, lamba ce irin ta shanu. Ya ce a babban yaƙin nan da aka kwashi sojojinmu, har da wani kawu nawa, zuwa ƙasar Bama, sojan Jamus sun tattara Yahudawa daga ƙasashe da yawa, an cusa su a taragon dabbobi, an kai su wasu sansanoni. Waɗanda za su iya aiki a buga musu lamba a raba su da sunansu, sauran a kashe su a ƙone. Na ce laifin me suka yi? Ya ce laifin haihuwarsu. Kawun nan nawa da ya dawo daga Bama, in an yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin rumbu, mu yara muna dariya. Shi na tuna, na tuna yadda Sitti Istar ke ƙamewa in jiniya ta yi kuka, na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na ɗauki hannun matar na sa wa azzalumanta albarka. Magana zarar bunu ce, kuma tawa ta riga ta fita.

Wata biyu ƙofar nan ba ta buɗe mini ba. Na yi sallama, shiru. Na koyi kalmar neman gafara wurin Malam na faɗa ta ramin makulli, shiru. Na ajiye kwanon tuwo a bakin ƙofa, kyanwowin bene suka cinye. Rigar ta ɗinka ta, ta aiko matar mai gadi da ita, ɗinki mai kyau ba aibu, kuma wannan ya fi mini zafi a kan a ce ta yaga yadin. Ranar da naƙuda ta zo, da hantsi ne Malam yana makaranta. Na rarrafa na buga bango sau uku. Na ji keken ɗinkinta ya tsaya. Na ji takunta har bakin ƙofa, daga nan ta sauka da gudu, sai ga matar mai gadi da ungozoma. Ita ba ta shigo ba. Na haifi 'ya mace. A kwanakin da suka biyo baya na lura da wani abu, duk lokacin da jaririyar ta yi kuka sai keken ya tashi da ƙarfi ta bayan bango, ba ya tsayawa sai ta yi shiru.

Ranar suna ɗalibai 'yan'uwan Malam suka cika ɗakin gaba har kan matattakala, ƙofarmu a buɗe. An raɗa wa yarinya suna, an yi addu'a, an raba dabino. Mahaifin Malam ya riga ya rubuto cewa kada a dawo masa da jika ba shaida a fuska, saboda haka aka ɗauko wani tsohon wanzami daga unguwar Ainu Shams, Bahaushen Sudan ne da ya fito aikin hajji a ƙafa tun yana saurayi, hanya ta ajiye shi a nan. Ya buɗe zabirarsa, ya fara wasa aska a kan fata. Ina ɗakin ciki da matar wani ɗalibi da ke yi mini wankan jego. Tun da na ji labarin lambar nan zuciyata ba ta kwanta da zancen aska ba, amma 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta magana a kan ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ma kallonsa a gaban mutane. Da aka zo karɓarta na miƙa ta ina kallon bango.

Sai na ji hayaniyar maza ta ɗauke. Na leƙa ta labule, ga Sitti Istar tsaye a tsakiyarsu, ba ko mayafi, ashe matar mai gadi ta gaya mata abin da askar za ta yi. Ta ce, "Ba wanda zai rubuta komai a jikin yarinyar nan."

Malam ya miƙe da ladabi. Ya ce, "Ya Sitti, al'adarmu ce. Ƙauna ce, don kada ta ɓata."

Ta ce, "Na sani. Matarka ta gaya mini." Ta ɓalle maɓallin, ta naɗe hannun rigar a gaban maza sama da ashirin, ta miƙa wa wanzamin. "Mu ma ba mu ɓata ba, ya Hajji. Safe da yamma ana ƙirga mu. Ku bar ta ta girma, in tana so ta zo da ƙafarta."

Wani ɗalibi mai zafin kai ya fara cewa ina ruwan Bayahudiya da sunan Musulmi, Malam ya daka masa tsawa. Tsohon wanzamin ya daɗe yana duban hannun. Ban san abin da ya gani a tafiyarsa ta ƙafa ba, amma bai tambayi ma'anar lambar ba. Ya goge askar zanen a gefen rigarsa, ya mayar da ita cikin zabira. Ya ce, "Malam, gashi zan aske, shi ne sunna. Sauran kuwa, askata ba ta ci in tsohuwa ta tsaya a kai. Ka rubuta wa tsohonka ka ce ni na ƙi."

Da aka gama aski ba wanda ya san wa zai miƙa wa jaririyar, sai wanzamin ya ɗora ta a hannun Sitti Istar. Ta shigo ɗakin ciki da ita, ta zauna a bakin gadona. Na fara ba ta haƙuri ina kuka, ta ce, "Ma'alish, ba komai, ba ki sani ba. Ba fushi na yi ba. Kin taɓa wurin da hannu mai daɗi, shi ne na kasa ɗauka." Daga nan ta ba ni labarin da ko mijinta bai ji duka ba. Garinsu na asali a bakin teku yake a ƙasar Girka, sai bayan yaƙin ta zo Masar. Da aka sauke su daga jirgin ƙasa a sansanin tana rungume da 'yarta 'yar wata huɗu. Wani fursuna ya raɗa mata ta ba tsohuwa yarinyar. Ta ɗauka tsofaffi masu jarirai za a kai wuri mai sauƙi, ta miƙa wa mahaifiyarta, ba ta ko tsaya duban fuskar yarinyar ba don ana tura su. Aka yi da su hagu, aka yi da ita dama, ba ta sake ganinsu ba. Ta miƙo mini tawa, ni kuwa saboda matar ɗalibin nan na wurin sai na kau da kai. Ta kama haɓata ta juyo da ni. Ta ce, "Dube ta. Ban san al'adarku ba, amma dube ta. Ba ki san kwana nawa aka ba ki ba." Na dube ta, a gaban mutane, karo na farko.

Ta tambayi sunan yarinyar. Na ce bakina ba zai iya faɗa ba har abada, sai dai a yi mata laƙabi, kuma a gida kaka ce ke yi. Na ce ga shi ba kaka a kusa sai ke. Can ta ce, da wata murya kamar ta mai koyon magana, "Luna." Ta ce sunan 'yarta ne, rabonta da furta shi tun a bakin jirgin.

Juma'ar da ta biyo baya, rana na shirin faɗuwa, ta ƙwanƙwasa mana ta ce in zo da Luna. Kyandir biyu na kan tagullar. Ta kunna, ta rufe fuska da tafin hannu, ta daɗe tana magana da harshen da ban sani ba. Ba duka ne addu'a ba, na ji faɗa a ciki, na ji kuka. Ana kiran magariba na koma na yi tawa sallar. Washegari na tambaye ta ko sun shirya. Ta ce, "Ba mu shirya ba. Amma mun fara magana." Mahaifin Malam kuwa shekara biyu bai amsa mana wasiƙa ba.

Ni ban taɓa jin kunyar zanena ba, da ƙauna aka yi mini shi, kuma da shi za a binne ni. Yanzu ko a Gobir an daina, 'yan matan da ke zuwa gaishe ni ba su san na wane gari ne ba. Sitti Istar ta goyi Luna, ta ɗinka mata rigar shiga makaranta, ta rasu yarinyar na da shekara takwas. Da Malam da mai gadi suna cikin waɗanda suka raka ta makabartarsu ta Basatin, don mutanenta da suka rage ba su isa ɗaukar makara ba. Malam ma ya riga ni, a garin nan aka binne shi, ni kuma na zauna wurin 'yata a unguwar Hadayek el-Maadi.

Da muka dawo daga Ataba shekaranjiya, labulen ma ba mu saya ba. Na tsaya a ƙasan bene, gwiwoyi sun ƙi, na ɗaga murya yadda na saba fiye da shekara hamsin. Na ce, "Luna! Zo ki kama ni." Ta leƙo ta baranda da furfurarta, fuskarta sumul, ta ce, "Na'am, Inna, ga ni nan."